Ɗaliban IT: Ribar da masana'antunmu ke sallama daga bakin ƙofa

Duk shekara idan lokaci ya yi da ɗaliban aji huɗu na sassan injiniya za su fita sanin makamar aiki, sai ka ga yara riƙe da takardar makaranta a cikin ambulan suna bin ƙofofin kamfanoni a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, a Kaduna kuma suna zagaya Kakuri da Kudenda. Mai gadi ne yake karɓar takardar, shi ne kuma yake cewa a dawo wani mako. Wanda ya yi sa'a, ko wanda yake da kawu a ciki, sai a ɗauke shi a ba shi kujera kusa da akawu, ya shafe wata shida yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana sayo wa oga abincin rana. A ƙarshe a buga masa hatimi a littafinsa, ya koma makaranta, kowa ya huta. Kamfani yana ganin ya yi wa yaro alfarma, yaro kuma yana ganin ya rabu da ƙaya.

Ina ganin a cikin wannan ciniki kamfanin ne ya fi tafka asara, kuma bai ma san ya yi ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya haɗa malamin kimiyyar harshe da zancen masana'anta. Tambayar tana kan hanya, domin ni ko fulogin janareta ban iya canzawa ba. Abin da ya jawo ni ciki shi ne ɗan yayana, wanda ya zauna a gidana tsawon wata shida lokacin da yake nasa IT ɗin, kamar yadda yaran ke kiran abin, a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Kano. Wata biyu na farko ba wanda ya ba shi aikin komai. Da zaman ya ishe shi, sai ya riƙa zuwa inda ake ɗura shinkafa a buhu ana ɗinkewa, ya nemi wuri ya zauna yana kallo. Wata rana bayan sallar isha'i ya ce da ni: "Baffa, ina jin buhunan nan sun fi kilo 50." Na ce to, je ka auna mana, ba abin da aka koya muku ke nan ba? Ya samu littafi ya riƙa ɗaukar buhu goma-goma a kullum yana sake ɗora su a kan sikelin sito. Bayan mako biyu ya tabbatar kusan kowane buhu yana ɗauke da ƙari, wani rubu'in kilo, wani har rabi.

Mu ɗan yi lissafi tare da mai karatu. Mu ƙaddara ƙarin giram 300 ne a kowane buhu, kuma kamfani yana ɗinke buhu 1,000 a rana. Kilo 300 ke nan, wato buhu 6 cif suna fita kyauta a kullum. A kwana 25 na aiki sun zama buhu 150. Kowa ya san kuɗin buhun shinkafa a kasuwar Dawanau ko Singa, sai ya ninka da kansa. Kada a fahimce ni a baibai, ba wanda ke cewa a tauye mudu, wannan haramun ne kuma zalunci ne. Abin da aka rubuta a jikin buhu shi za a cika wa mai saye ba tare da ragin ƙwaya ɗaya ba. Amma wannan ƙarin ba sadaka ba ce, domin mai dukiyar bai san da ita ba balle ya yi niyya, kuma shi dillalin da ya kwasa bai san an ba shi ba balle ya gode.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin ƙarin. Da yaron ya zauna da dattijon da ke kan sikelin, suka sha shayi tare kwana biyu, sai dattijon ya ce masa: "Ɗana, sikelin nan ƙura na shiga cikinsa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shekarun baya an taɓa dawo da mota guda wai buhuna ba su cika ba, aka yanke mini albashi. Tun daga ranar nake ƙara hannu guda, gara ya wuce da ya gaza." Mutumin ya san matsalar sarai, ya ma samo mata maganin da zai kare kansa. Abin da babu shi ne wanda zai tambaye shi. Gyaran kuwa bai wuce a share sikelin a kuma gwada shi da dutsen awo kowace safiya kafin a fara aiki ba.

Irin wannan aiki shi ake kira injiniyancin masana'antu, sunan da nake ganin yana rikita Bahaushe. A wurinmu injiniya shi ne mai sifana a hannu, wanda ake kira idan inji ya tsaya. Shi kuwa wannan fanni ruwansa da tafiyar aikin baki ɗaya: daga ina kaya ke shigowa, hannu nawa suke bi, a ina suke tsayawa suna jira, minti nawa kowane mataki ke ci, kuma nawa ke zubewa a hanya. Da ni aka tambaya, da na ce a kira mai wannan ilimi injiniyan tsarin aiki. Kayan aikinsa agogo ne da sikeli da tef ɗin awo da littafi. Akwai sashe na musamman a kan wannan fanni a Jami'ar Ibadan, akwai makamancinsa a Jami'ar Benin, a nan Arewa kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ta haɗa shi da injiniyancin injuna. Sauran ɗaliban injiniyancin injuna a Zariya da Kano da kwalejojin kimiyya da fasaha su ma suna ɗaukar darussan sarrafa kaya da tsarin aiki kafin su fita.

Fannin ya girmi kowa a cikinmu. Tsakanin 1898 da 1901 wani Ba'amurke mai suna Frederick Taylor ya tsaya a kamfanin ƙarfe na Bethlehem yana kallon leburori suna kwasar gawayi da tama da shebur. Ya lura shebur iri ɗaya ake amfani da shi ga kaya mai nauyi da marar nauyi, ya yi ta gwaji har ya ce nauyin da ya fi dacewa da ɗauka guda bai wuce kimanin kilo 9 da rabi ba, aka ƙera shebur daban-daban gwargwadon kayan. A cewarsa aikin da mutum 400 zuwa 600 ke yi sai ga mutum 140 suna gamawa. Frank Gilbreth da matarsa Lillian kuma suka bi motsin magini, suka ga yawancin wahalarsa sunkuyawa ce da juya bulo a hannu, suka rage motsin ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa kimanin 5. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Japan suka ɗauki abin suka kai shi wani matsayi. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya kasa ɓarnar masana'anta gida bakwai, ciki har da jira, da jigilar kaya ba gaira ba dalili, da tara kaya a sito, da yin abin da ba a buƙata tukuna, da kayan da suka fito da aibu. Ana ba da labarin yakan zana da'ira da alli a tsakiyar masana'anta, ya ce da sabon injiniya ya tsaya a ciki sa'o'i yana kallo kawai, har sai ya ga abin da ke zubewa.

To wa ke da lokacin tsayawa a cikin da'irar alli a masana'antunmu? Manaja yana waya da banki a kan rance, yana bin kwantenar da ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas, yana fama da masu karɓar haraji kala-kala. Injiniyan kamfani guda ɗaya ne, kuma yana ƙarƙashin injin da ya lalace tun asuba. Ma'aikaci yana kan aikinsa, ba shi da damar ɗaga kai. Mutum ɗaya ne a duk harabar yake da wata shida a hannunsa, da ilimin awo a kansa, da idon da bai riga ya saba da abin da kowa ya saba da shi ba, shi ne wannan yaron da aka tura sayo abinci. Hausawa na cewa sabo turken wawa, kuma wanda ya shekara goma yana tsallake bututun da ke tsiyayar iska ya daina jin ƙarar. Alhali Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana faɗakar da masana'antu cewa yoyon bututu kan iya cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da injin matsa iska ke samarwa. Wannan iska da wuta ko da gas ake matsa ta. Ɗalibi da ruwan sabulu a gwangwani zai iya bin bututun nan gaɓa-gaɓa a ranar Lahadi, ya yi wa kowane yoyo alama.

A shekarun da wuta ke da araha ana iya kau da kai daga irin waɗannan. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, lissafin ya sauya. Mai masana'anta ba shi da iko a kan farashin Dala, ba shi da iko a kan farashin gas. Inda ikonsa ya rage shi ne cikin katangarsa: minti nawa janareta ke kaɗawa alhali inji na tsaye ana canza moli, buhu nawa ke fashewa wajen lodi, sau nawa ake ɗaukar kaya a ajiye kafin su isa mota.

A nan ne sana'ata ta shigo, kuma a nan zan ɗan daɗe. Masana'antar Kano gida ne mai harshe fiye da ɗaya. A ƙasa, inda injuna suke, Hausa ake yi, da ɗan Turancin buroka. A sama, inda ake yanke shawara, rahoto da Turanci yake zuwa, kuma sau da yawa mai kamfanin ko babban manajansa ɗan Labanan ne ko Ba'indiye ko ɗan Sin, ko kuma ɗan ƙasa ne wanda ba ya jin Hausa sosai. Tsakanin hawan nan biyu akwai fomin, wanda yake tace abin da zai hau, domin duk matsalar da ya kai sama tana iya komawa kansa. Sakamakon haka ilimin da ke kan ma'aikata ba ya isa inda za a yi amfani da shi. Kuma ilimi ne na gaske, yana da kalmominsa. Idan mai kula da inji ya ce yau injin yana "tari", ko yana "shan mai", ko bel ɗin ya "saki jiki", ko kayan sun fito da "gardi", magana yake yi mai ma'ana takamaimai, wadda wani ma'aikacin zai gane nan take. Ba za ka taɓa ganin ɗaya daga cikinsu a rahoton mako ba.

Ɗalibin da ya tashi a Kurna ko Tudun Wada, ya kuma yi shekara huɗu yana karatu da Turanci, tafinta ne da kamfani ya samu ba tare da ya nema ba. Yana iya jin "tari" ya koma ya auna, ya rubuta wa manaja cewa injin yana tsayawa sau kaza a awa, kowace tsayawa tana cin daƙiƙa kaza. Ƙanƙantarsa ma riba ce. Ma'aikaci ba zai gaya wa manaja cewa yana ƙara hannu guda a buhu ba, amma zai gaya wa yaron da yake kira ɗana, wanda ba ya iya korar kowa. Na sha lura cewa Hausa ta rarrabe abubuwan da rahoton kamfani ke haɗawa wuri ɗaya. Asara ita ce wadda ta faɗo wa mutum, ana yi masa jaje. Ɓarna tana da mai yin ta, ana neman wa za a kama. Almubazzaranci kuwa halin mai dukiya ne. Yawancin abin da ke cin masana'anta bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba, ya fi kama da yoyo, wanda ba laifin kowa ba ne sai na tulun. Kalmar da ɗalibi ya zaɓa a rahotonsa ita za ta sa a gyara sikeli ko a kori dattijo. Ɗan yayana ya rubuta cewa sikelin ne ke da matsala, kuma gaskiya ya faɗa.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan. A 1906 Herman Schneider ya fara wani tsari a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, inda ɗaliban injiniya ke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta, kuma ana biyan su. Daga 1976 gwamnatin Amurka ta riƙa ba wasu jami'o'i kuɗi domin malami ya ɗauki ɗalibansa su je ƙananan masana'antu da matsakaita, su auna yadda ake amfani da makamashi, su rubuta shawarwari da ƙiyasin abin da kowace za ta rage, kyauta. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen kafa tsari. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a 1971, hedikwatarsa tana Jos, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, saboda masu masana'antu na lokacin suna kukan cewa waɗanda suka gama jami'a ba su iya taɓa komai ba. Tun daga tushe ke nan an gina shirin a kan amfanin ɗalibi, kamfani kuma mai masauki ne da ake roƙo ya yi haƙuri da baƙo. Fiye da shekara hamsin bayan haka, har yau da wannan ido ake kallonsa. Tsawon shekaru alawus ɗin ɗalibin jami'a Naira 2,500 ne a wata, shi ma sai an gama an manta kafin ya fito, kuma kamfanoni da yawa ba sa ƙara masa ko kuɗin mota.

Ba na cewa ɗalibai za su tayar da matattu. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma ko ɗalibi dubu aka zuba musu da agogo ba za su hana fasa-ƙwaurin atamfa ko su kawo wuta ba. Magana ake a kan waɗanda suka rage suna numfashi, waɗanda abin da ke tsakaninsu da rufewa ɗan kaɗan ne.

Akwai kuma tsoron da ma'aikata ke yi, wanda ba zan raina ba. Mai karatu ya ga lissafin Taylor: mutum 140 suka rage, sauran fa? A 1911 ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown sun yi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo, har majalisar dokokin Amurka ta hana amfani da kuɗin gwamnati wajen irin wannan awo a 1915. A garin da mutum ɗaya ke ciyar da baki goma, yaron da ya shigo da agogo yana iya zama ɗan leƙen asiri a idon mutane, kuma idan rahoton farko ya jawo sallamar wani, ba wanda zai sake buɗe masa baki, shi da duk wanda zai biyo bayansa. Shi ya sa nake ganin a fara da wuta da gas da ɗanyen kaya da lokacin da inji ke tsaye, inda kuɗin ma ya fi yawa, a kuma faɗa wa ma'aikata tun ranar farko, da Hausa, abin da yaron ya zo aunawa da abin da ba a aiko shi ba. Su ma masu kamfani suna da nasu ƙorafin: yara na wasa da waya, wasu ba sa zuwa sai ranar buga hatimi, wani zai sa hannu a inji ya ji ciwo a kama kamfani. Duk gaskiya ne. Mu malaman jami'a ma ba mu fita ba, domin mai duba ɗalibai yakan leƙo sau ɗaya a wata shida, ya sa hannu a tsaye, ya wuce kamfani na gaba.

Gyaran bai buƙatar sabuwar doka ko kwamiti. Kafin a karɓi ɗalibi, manaja ya zauna minti goma ya rubuta tambaya guda ɗaya da ke damunsa, wadda ba shi da lokacin binta. Me ya sa gas ɗin aikin dare ya fi na rana alhali kayan da ake fitarwa ɗaya ne? Me ya sa canza moli ke cin awa biyu? A miƙa wa yaro wannan tambaya, a haɗa shi da ma'aikaci ɗaya da zai kula da shi, a ba shi izinin shiga da aunawa, a ce ranar kaza zai tsaya gaban manaja da fomin da malaminsa ya faɗi abin da ya gano da lambobi. Rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya da ke Kano da Kaduna za su iya tattara irin waɗannan tambayoyi daga membobinsu su aika wa sassan injiniya kafin lokacin fita, ta yadda ɗalibi zai je wurin da ake jiransa, ya daina jiran mai gadi. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan ITF kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, kuma gyaran dokar na 2011 ya ba su damar neman a mayar musu har rabin kuɗin idan sun nuna sun horar da ma'aikata. Me zai hana a lissafa alawus ɗin da kamfani ya biya ɗalibi mai irin wannan aiki a cikin abin da za a mayar? Kuma wanda bincikensa ya rage wa kamfani kashe kuɗi, a ba shi wani abu daga ciki, shi da ma'aikacin da ya nuna masa hanya.

Shi ɗan yayana, da ya kai takardarsa, abin da manaja ya fara tambaya shi ne wa ya ba shi izinin taɓa sikelin sito. Bayan mako uku sai ga dutsen awo an sayo, dattijo kuma yana nan a kan aikinsa. Da na buɗe littafin da yaron zai miƙa wa makaranta, na duba shafin waɗannan makonni, zancen sikeli bai fito ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Baffa, gurbin da aka bari na sunan injin da ka gani ne da zanensa." Zanen injin ɗinke buhu ya yi, malaminsa ya sa hannu a ƙasa.